Sabon Moton da Malam Dahiru Bai Saita Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina bakin ƙofar kamfani ƙanin Malam Dahiru ya kira ni daga Anka, ya ce Malam ya rasu bayan sallar asuba. Zazzaɓin kwana uku kawai. Na ce to, na kashe waya, na zauna kan buhun shinkafa. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ni ke kula da wutar wani kamfanin casar shinkafa a nan Gummi, amma gaskiya rabin ma'aikaci ne ni. Ɗaya rabin yana Anka. Malam ne ke saita mana rile, wato na'urorin da ke yanke wuta kafin ɓarna ta auku.

Iri biyu gare mu a fanel, wato akwatin rarraba wuta. Babban yana yanke wutar kamfanin duka idan ƙarfinta ya faɗi. Ƙananan suna kan kowane moto mai juya injin casa, suna cire wanda ya ja wuta fiye da kima. Shekarar da na fara aiki, da moto ɗaya ya samu matsala sai ƙarfin wuta ya sauka, babban ya riga ƙaramin tashi ya yanke wuta, kamfani gaba ɗaya ya yi tsit. Sai na yi abin da ake yi a nan, na ɗaure babban da guntun waya don kada ya sake yankewa. Har ina jin kaina gwani.

Malam ya zo ya buɗe fanel, ya ga wayar. Alhaji mai kamfani yana tsaye a kanmu. Da Malam ya so, ranar zan koma gona. Sai ya zare ta ya sa a aljihu, ya ce wa Alhaji saiti ne kawai ya rage.

Bayan Alhaji ya fita, Malam ya gaya mini da wutar gari ta yi rauni da wayar nan a ɗaure, da duk injinan sun ƙone. Ya ba babban rilen ɗan jinkiri yadda ƙaramin zai fara cire moton da ya lalace, amma ba jinkirin da zai bar injina su gasu ba.

"Lawali, ba gardama ta gare su ba," ya ce. "Ba a gaya musu wa ka fara tashi ba ne."

Bai ƙara tayar da maganar wayar ba har ya bar duniya.

Yana da tsantseni mai ban haushi. Kana jin yunwa, shi yana sake gwada abin da ya gwada sau biyu. Mun sha faɗa a kan haka. Amma ban taɓa kiransa ya ƙi ɗauka ba, ko yana kan babur sai ya tsaya. Mitar da nake awo da ita ma tasa ce. Duk lokacin da na ce zan mayar, sai ya ce bai san da wata mita ba.

Ganinmu na ƙarshe a tashar Bukkuyum ne ranar kasuwa, makon jiya. Na gaya masa Alhaji ya sayo sabon moto babba, mun kafa, saura saiti. Ya tambayi girmansa, ya rubuta a bayan hannunsa, ya saya mini rake.

"Kak ka kunna shi sai na taho. Ran Alhamis ina nan tahe, in Allah ya so."

Yau Laraba.

Moton yana nan a rufe da tamfol. Manoma sun tara shinkafa har bakin ƙofa. Alhaji ya yi mini gaisuwa, sannan ya tambaya a hankali yaushe za a kunna. Ban ga laifinsa ba.

Daga Gummi har Anka har Bukkuyum ban san wani da zan tambaya ba. Wallahi ina jin kaɗaici, kuma ina jin tsoro. In na ba rilen sabon moton jinkiri da yawa, moto ya ƙone. In na rage, kamfani ya dinga tsayawa. Jana'izar ma an yi kafin in samu mota. Yanzu zan tafi ta'aziyya, gobe in dawo in tsaya gaban fanel ni kaɗai.

Allah ya jiƙanka Malam, ya haskaka kabarinka, ya rufa maka asiri gobe ƙiyama, ya dubi iyalanka.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, gobe da hantsi zan kunna.