Kiran da Mama Ba Ta Ɗauka Ba

Mahaifiyarmu, LaRue Hillam, ta rasu ranar Talata, huɗu ga watan Maris, da hantsi, a gidanta da ke Rexburg a jihar Idaho, bayan doguwar jinya. Wanda ya ba mu aronta ya karɓi abinsa. Mun binne ta ranar Asabar kusa da Baba. Ni ce Janeen, autarta, kuma ni aka ɗora wa wannan rubutu, wai don ni ce mai baki a gidan.

Mama, ranar jana'izarki coci ya cika ya batse da maza masu furfura da mata masu jikoki, kowa yana cewa uwarsa ce ta rasu. Ban yi musu da su ba, ko da yake na fi su sanin abin da wannan uwantaka ta ci mana.

Ina 'yar shekara goma sha biyar cocinmu na Mormon ya naɗa Baba shugaban 'yan mishan a ƙasar Bolibiya. Ƙa'idar a fili take: shekara uku, ba zuwa gida, ko biki ko mutuwa. Muka rufe gonar dankali muka tafi, ni da ke da Baba. Can muka tarar da samari da 'yan mata fiye da ɗari, samarin gemu bai gama fito musu ba amma dole a kira su dattawa. Baba ne shugabansu, ke ce mai wahalarsu. Ke ce aski, ke ce ɗinkin maɓalli, ke ce maganin gudawa. Sifaniyancinki kuwa Allah ya kyauta, amma da shi kika riƙa yi wa likitoci faɗa har su duba yaranki. Na tuna wani Dattijo Tuttle da ya ɓoye ciwon ƙafa don kada a ce rago ne. Kika sa ya cire safa a kan teburin cin abinci, kina cewa, "Kai, wannan ƙafar ko a gona ba za a shuka ta ba." Ni kuwa haushi nake ji, domin ko ranar haihuwata sai na raba kek da ƙattai ashirin.

Yayana Kendall yana nasa wa'azin a Koriya a lokacin. A wancan zamanin ɗan mishan ba ya buga waya gida sai sau biyu a shekara, ranar Kirsimeti da Ranar Uwa a watan Mayu. Labari ya iso mana cewa Kendall ya daina cin abinci, ba ya barci, yana maganar ajiye aikin. A garinmu kuwa wanda ya dawo kafin lokacinsa, ido ne zai bi shi har cikin coci. Kin ƙwallafa rai a kan wannan kira. Kin ce da kin ji muryarsa za ki san abin da ke damunsa.

Ranar ta zo. Baba yana can wani gari mai nisa wurin taro. Tun da muka dawo daga coci kika ja kujera gaban wayar falo kika zauna, kika hana kowa kusantarta. Da ta yi ƙara kika zabura, sai ga shi ba Kendall ba ne. Wata sabuwar yarinya ce daga cikin 'yan mishan, tana kuka daga wani ƙauyen masu haƙar ma'adinai. Abokiyar aikinta, Eulalia Mamani, tana birgima da ciwon ciki, asibitin ƙauyen a rufe, babu mota. Ita kuma ƙa'ida ta hana ta barin abokiyarta ita kaɗai ta je neman taimako.

Kika ajiye wayar, kika dube ta, kika dube ni. Kika ɗauki makullin mota.

Na ce, "Mama, Kendall fa? Ki jira ko kaɗan mana!"

Kika ce, "Uwar yarinyar nan ni ta ba amana, Janeen. Ki zauna nan. In ya kira, ki riƙe mini shi da hira. Ki ce ina son sa."

"Ki faɗa masa da bakinki!"

Kika fita.

Ƙurar motarki ba ta gama kwantawa ba wayar ta sake ƙara. Muryar Kendall ta yi siriri kamar ta marar lafiya. Ya ce, "Auta, ba ni Mama." Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ba komai. 'Ya'yanta sun yi mata yawa." Ya ajiye.

Likitan asibitin da kika kai Eulalia ya ce da kin ƙara jinkiri da hanjinta ya fashe a hanya. Ta rayu, ta yi aure, ta zo jana'izarki da 'yarta mai sunanki. Kendall kuwa kafin wata ya ƙare ya koma Idaho. Kawu Rulon ne ya tarye shi a filin jirgi, domin ke ba ki da ikon zuwa. Na ga yadda kika riƙa shiga ɗakin wanki ki kunna famfo don kada 'yan mishan su ji kukanki, sannan ki fito ki dafa musu abinci.

Da muka dawo gida Kendall ya riga ya ƙaura Oregon, ya bar coci. Bai taɓa yi miki rashin kunya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Yana zuwa biki, yana gaishe ki kamar maƙwabciya. Kin nemi gafararsa, ya ce babu abin yafewa. Shekara talatin bai buga miki waya da kansa ba. Ni ma na daɗe ina jin zafinki, Mama, sai da na haifi nawa na tura su ƙasar wasu, na kwana ina addu'ar Allah ya haɗa su da mace irinki.

A makon ƙarshe hankalinki ya koma Bolibiya. Kin ƙi abinci, kin ƙi magani, idonki a kan wayar gefen gado. Duk wanda ya matso sai ki ce, "Kada ku taɓa, Kendall zai kira." Numfashinki yana raguwa, ni kuma tsoro ya kama ni kada ki tafi kina jira. Na fita tsakar gida na kira shi. Na ce, "Yaya, ban roƙe ka ka yafe ba. Ka buga lambar gidan kawai." Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na koma na zauna. Wunin Lahadi ya wuce, wayar ba ta motsa ba. Litinin da safe ta yi ƙara. Ke da ba ki iya ɗaga cokali, kika miƙa hannu kika ɗauka da kanki. Ɗakin ya yi tsit har muna jin muryarsa, muryar dattijo mai shekara hamsin tana karyewa.

"Mama, ni ne. Na gaji. Ina so in dawo gida."

Kika ce, "To ka dawo mana, ɗana. Ina nan, ban je ko'ina ba."

Ya kwana a hanya. Hannunsa kike riƙe da shi lokacin da kika cika.

Allah Ubanmu na Sama ya jiƙanki, Mama, ya yafe miki kurakuranki, ya sada ki da Baba cikin salama. A madadin iyalin Hillam ina miƙa ta'aziyya ga Kawu Rulon, ga jikokinki, ga Eulalia da dukan waɗanda kika raina a Bolibiya. Kai kuma Yaya Kendall, Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba mu haƙurin rashinta. Amin.