Fararen Kajin Mai Guga

Akwai wani aibi da ya yi yawa a cikin mutane: mutum ya rantse yana son abu, alhali siffar abin yake so. Irin wannan so ba shi da tausayi, domin ranar da siffa ta yi karo da lafiya, lafiyar ake zubarwa. Ban ga wanda aibin ya yi wa illa kamar Mai Guga na ƙarshen layinmu ba.

Mutum ne mai tsabta har ta zame masa ciwo. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: tebur da tsohon bargo a kai, dutsen guga na gawayi, da igiyar da yake rataye fararen riguna. A bayan shagon ya gina akurki, inda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen kiwon kajin ado masu tukku, farare fat. Ba ya sayarwa, ba ya yankawa. Burinsa a ce babu tsatson kaji mai fari irin nasa.

A bakin masu wannan kiwo ya ji cewa jar masara da ɗanyen ganye da rana suna sa gashin farar kaza ya yi ɗorawa-ɗorawa. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, amma shi ya wuce gona da iri. Ya hana su masara da ganye, ya janye dusa wai tana ɓata musu ƙirji, ya lulluɓe akurkin da buhuna. Farar shinkafa kaɗai suke ci.

Matarsa ta ce, "Maigida, ko fursuna ana canza masa abinci."

Ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki. Fursuna yana cin shinkafa kullum?"

Wata safiya ya tarar da kazar da ya fi ji da ita wuyanta ya murɗe, baki yana kallon sama, tana tafiya da baya. Ya naɗe ta a tawul ya kai wa likitar dabbobi.

Likitar ta duba kan, ta leƙa kunne da ido, sannan ta ce, "Baba, me kake ba su?"

"Shinkafa, 'yata. Mai kyau, wadda babu tsakuwa."

"Sai me?"

"Sai ruwa."

"Kai Baba! Kaza ce fa, ba rigar liman ba."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Murɗewar wuya alama ce, ba cuta guda ba. Tana zuwa daga bugu a ka, domin ƙoƙon kan mai tukku ba shi da kauri. Tana zuwa daga ciwon kunne, ko annoba, ko gado. Wannan kuwa babu rauni, babu zazzaɓi. Yunwar bitamin ce ta taɓa jijiya. Ta ba shi magani, ta ce ya ware kazar a wuri mai shiru, ya ba ta gwaiduwar ƙwai da ganye da dusa, ya tallafe mata kai in za ta sha ruwa kada ta shaƙe. Sauran kajin ma a canza musu cima, a kuma yaye buhunan su sha rana.

Adalci ya sa in faɗi cewa ya yi jinyar da gaske. Yana barin guga ya durƙusa ya ba ta abinci a tafin hannu. Wuyan ya miƙe a hankali, kajin suka yi ƙiba. Amma da suka sake gashi, farin ya ɗan dusashe.

Wani abokin kiwonsa ya leƙo akurkin ya yi dariya: "A'a, Mai Guga! Wa ya zubar wa amaren naka da shayi?"

Washegari buhunan suka koma bisa akurki, shinkafa ta koma cikin kwano.

A nan laifin yake. Na farko jahilci ne, kuma jahilci yana da uzuri. Na biyu kuwa zaɓi ne: ya ga sababi, ya ga magani, ya ga waraka da idonsa, ya auna su da dariyar mutum ɗaya, dariyar ta rinjaya.

Ciwon ya dawo, a wannan karon har da 'yan tsaki. Kunya ta hana shi komawa wurin likita da wuri, kuma da ya koma, jijiyoyin sun riga sun lalace. Kazar da ya yi jinya ce ta fara mutuwa, kanta a juye cikin kwanon ruwa, fara tas kamar yadda yake so. Sauran suka bi ta.

Yana nan yana guga, bayansa ya ranƙwafa. Akurkin ya zama ma'ajiyar gawayi, baƙi ƙirin. Duk wanda ya tambaye shi labarin kajin, sai ya ce bakin mutane ne ya kama su.