Baba Isaka, Wanda Ba A Yaye Ba

Duk wanda ya yi sammako zuwa tsohon gidan sana'armu na Zango ya san ƙarar tsintsiyar Baba Isaka. Tsoho da furfura har gira, gwanin aikin babbar riga, amma shi ke share tsakar gida, shi ke cika randa. Dalilinsa ɗaya: kakana Masta Garba, wanda ya koya masa ɗinki, ya rasu bai yaye shi ba. Don haka shi har gobe ɗan koyo ne. Ka kuskura ka ce masa Masta, ka ga ɓacin rai.

Wallahi kunya ya riƙa ba mu. Ni da nake da shagon ɗinki da 'yan koyo nawa, sai in iso in tarar da sa'an kakana duƙe yana share mini ƙofa. Alhaji Mumuni baduku, shugaban kwamitin gidan, ya taɓa ɓoye tsintsiyar a kan rufi. Washegari Baba ya zo da sabuwa daga kasuwar Race Course, ya fara shara daga ƙofar Alhajin.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri!"

"Ɗaga ƙafa, Masta Mumuni."

"Kai ka koya mini saka zare a allura fa!"

"Shi ya sa har yau kake lalube. Ɗaga ƙafa."

Da gidan ya fara zuba, katangar maƙera ta tsage, kwano ya zama rariya, aka samo wata injiniya daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, ta duba gyara. Ta ce a haɗa ta da babba a gidan. Muka kai ta wurin Baba da murnarmu. Mutumin nan ya durƙusa ya ce, "Masta ya fita." Ya goge mata benci, ya kawo ruwa. Baiwar Allah ta zauna tana duba agogo, mu kuma kowa ya sulale shagonsa. Can ta tambaye shi yaushe Masta zai dawo. Ya ce, "To, tun da aka kai shi Tafo dai bai aiko ba." Ni aka tura in yi mata bayanin cewa maƙabarta yake nufi. Ban taɓa son ƙasa ta tsage in shige ba kamar ranar.

Rigimar gaske a kan bangon zaure aka yi ta. Kun san al'adar gidanmu: ranar da aka yaye ɗan koyo, a zuba masa hoda a ka, ya tsoma hannu a shuni ya manna a bangon nan. Hannun maɗinka, dukawa, maƙera, duk suna wurin, wasu sun koɗe. Kwamiti ya ce a kankare a yi filasta, a shafa fenti mai kyau. Baba bai yi musu da kowa ba. Ya jawo keken ɗinkinsa ya jingina da bangon, ya ci gaba da aiki. Aka yaye kwano, damina ta sauka, ya ɗaure lema a bayan kujera, ya lulluɓe bangon da ledar da ya kamata ya rufa da ita. Mutanen titi suna leƙowa suna dariya, suna cewa mun bar tsoho a ruwa.

Kwaku magini ya zo da gudumarsa, da gurguwar Hausarsa. "Ei, Baba, matsa kaɗan, mepa wo kyɛw, don Allah. Ni aiki zai yi."

"Masta bai ce in matsa ba."

"Wane Masta?"

"Je ka tambaye shi."

Kwaku ya ajiye guduma ya tafi cin wake da shinkafa. A ƙarshe injiniya ta ce a ƙarfafa bangon ta baya, a bar hannuwan yadda suke.

Rannan na tsaya ina tsokanarsa. Na ce, "Baba, duk wannan faɗan, kai ko hannu ba ka da shi a nan." Ya ɗaga ledar ya nuna mini. Hannun abokan koyonsa a jere, duk sun riga mu gidan gaskiya, a tsakiyarsu wani fili fari daidai tafin hannu. Shekara da shekaru ina wucewa ban lura ba.

Na ce, "To ni jikar Masta ce, almakashinsa ma yana hannuna. In yaye ka?"

"Ke? Da kika yi mini fitsari a cinya?"

Muka yi dariya, na ɗauka magana ta wuce. Ashe tsoho ya riƙe ta. Bayan kwana biyu ya raɓo shagona yana sosa ƙeya kamar yaro, ya ce, "Jikar Masta, hodar nan, mai ƙamshi ake saya ko kowace iri?"

Na kai maganar kwamiti da gudu. Muka yi shawara, muka ce a bari sai ranar buɗe gida bayan gyara, a yi da baƙi da masu hoto, abin zai fi armashi. Ni ma na ɗaga hannu. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Yoo, na ji. Ɗan koyo ai jira ne aikinsa."

Fenti bai bushe ba Allah ya karɓi abinsa. A ƙarƙashin kekensa muka sami gwangwanin hoda ba a buɗe ba, da ƙullin shuni, da farar riga da ya ɗinka wa kansa. Abin da ba zai ɗauke mu tsawon shan shayi ba, muka sa dattijo jiran masu hoto. Ranar buɗe gida injiniya ta tsaya a zaure ta tambayi filin nan na waye, duk kwamiti muka sunkuyar da kai.

Yanzu da safe Alhaji Mumuni ke shara, ba wanda ya sa shi.

Allah ka jiƙan Baba Isaka, ka haskaka kabarinsa, ka sada shi da Mastansa. Mu kuma ka yafe mana jiran da muka sa shi. Allah ya ji ƙanka, Masta Isaka.