Kalmar da Baba Ya Kawo Daga Asibiti

Wata Talata ce cikin watan Agusta, gero ya fara fidda kai, ni kuma ina aji biyar a firamaren Gangara. Ina tsugune a tsakar gida ina tsinke yakuwa sai na ji ƙarar babur a ƙofa. Baba ne ya dawo da Inna daga asibitin Sabon Birni, inda ya kai ta awo, don cikinta ya yi girman da ya fara ba kowa tsoro, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Kakata ta tarbe su tun daga zaure tana cewa, "To, mi likita yac ce?" Baba ya sosa ƙeya. Ashe likitan ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, ba ya jin Hausa, mai yi masa fassara kuma ya fita sallah. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɗaga yatsu uku yana murmushi, ya ce "tiriplet".

Nan fa gida ya rabu. Baba ya ce a koma bayan kwana uku ake nufi. Inna ta ce wata uku ya rage mata. Kaka ta ce sunan ciwo ne, ta tashi ta jiƙa saiwa a ƙoƙo. Ni kuwa sai na ajiye yakuwar, don kamar na san kalmar.

A makon nan ne Malam Nuhu, malaminmu na Turanci, ya koya mana yadda Bature ke ruɓanya abu: dabul, tiripul, kwadurupul, kwintupul. Ya zaro hankicinsa yana ninkewa, ya ce wutsiyar kalmar "ninki" take nufi, kanta kuma lamba ce, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya ce Turawa ma aro suka yi daga Latin, harshen da ya mutu tuntuni. Mun haddace su har muna rera su wajen 'yar gala-gala, amma ban gane komai ba. Na yi ta taɓa harshena da yatsa ina tunanin yadda zai mutu ya bar mutum a raye. Yanzu ga kalmar matattu an faɗa a kan cikin Inna, likita har da murmushi. Ranar ko tuwo ban iya ci ba, na kai wa tumaki dusa na manta ban ɗaure su ba.

Da safe, kafin a fara sharar aji, na tari Malam Nuhu yana jingine kekensa a gindin dogonyaro. Da ƙyar na faɗi kalmar, hawaye na zuba. Ya sa na maimaita, sannan ya ce, "Ke Hadiza, bar kuka. Ɗiya ukku Innarki taka ɗauke da su." Da aka tashi, da kansa ya je gona ya sami Baba, ya roƙe shi kada a bari ta haihu a gida. Kaka da ta ji sai ta tafa hannu ta ce, "Ukku? Sai ka ce akuya!" Amma ita ce ta fara haɗa tsummoki.

Ana cikin yankan gero aka haife su a Sabon Birni, Hassan da Husaini da wata 'yar mitsitsiya da aka sa wa Gambo. Ni ke goyon ta in Inna na shayar da mazan, ba ta fi nauyin damin yakuwa ba. Ba ta kai arba'in ba ta koma. Bayan kwanaki na sake ruɗewa, na tambayi Malam ko yanzu sai a ce da su dabul, tunda biyu suka rage. Ya ce, "A'a. 'Yan ukku na, har abada."

Yau Hassan na kai kaya Nijar, Husaini na gonar Baba idan hanya ta yi lafiya. Mutanen gari tagwaye suke ce musu, waɗanda suka san an yi ta ukun kuma sai raguwa suke. Idan na je gida na gan su zaune a tabarma ɗaya, nakan duba gefensu ba tare da na shirya ba. Har yanzu bayana bai manta ɗuminta ba.