Abin da Ya Kai Orysia Aji

Orysia ba ta koyi Turanci don sha'awa ba. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa 'yan makaranta abinci a wani ƙauye kusa da Ternopil ta ƙasar Yukren, ina ruwanta da harshen wasu? Yaƙi ne ya kwaso su, ita da mijinta Zenoviy, ya zube su a Winnipeg ta ƙasar Kanada wurin 'yarsu. Duk Asabar sai su sauka ɗakin ƙasan coci, inda Malama Darka take faɗin jimla da harshensu na Yukren, su kuma su juya ta zuwa Turanci. Orysia ta fi kowa gardama. Zenoviy kuwa gyangyaɗi yake a kujerar baya, abin da ya tsinta a ajin kaf bai wuce "a'a, na gode" ba.

Sai ciwon mantuwa ya kama shi. Da abin ya ci tura aka kai shi gidan kula da tsofaffi, tun daga nan ya shiga ramewa, har wando ya daina zama a ƙugunsa. Ma'aikata suka ce ba ya son abinci. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, sai dai a zura masa robar abinci ta hanci. Zenoviy fa! Mutumin da ke suɗe tukunyar miyar borsh da ɓawon burodi!

Ran nan Orysia ta je da tsakar rana ta zauna a lungu. Marisel, 'yar Filifin ɗin da ke kula da shi, ta shigo da tire ta yi masa tayi. Tsoho ya gyara zama, ya dafa ƙirji, ya ce da Turancinsa, "A'a, na gode." Ta yi murmushi ta juya. Idonsa ya bi tiren nan har bakin ƙofa.

Nan Orysia ta gane. Ashe a zatonsa baƙunci ya zo gidan mutane. A wajensu kuwa, baƙon da ya miƙa hannu tun a tayin farko ya bar wa kansa abin faɗa. Sai an yi tayi, an sake, an haɗa da roƙo. Ta bi Marisel da gudu, amma Turanci ya gudu ya bar ta, sai "shi, a'a, eh" take ta yi.

"Mama," in ji Marisel, "nan ba a tilasta wa mutum. In ya ce a'a, to a'a ce."

Da Asabar ta zo, Orysia ta katse darasi. "Darka, ajiye zancen filin jirgin nan, ba inda za ni. Juya min wannan." Ta kwashe labarin tiren ta faɗa musu, da abin da take so ta gaya wa Marisel.

Wani tsoho ya ce daga bayan aji, "Ki ce su ajiye kwalbar giya kusa da kwanon, ki ga ko zai jira tayi!"

"Rufe min baki, kai da ko sunan cokali ba ka riƙe ba."

Aka yi dariya, sannan ajin ya taru a kan maganar, wannan ya kawo kalma, wancan ya gyara. Orysia ta yi ta bitarta a bas, a bakin tukunya, har 'yarta ta ce ko ita ta je ta faɗa wa Marisel. Ta ce a'a, mijinta ne.

Da ta koma gidan tsofaffin, ta tare Marisel ta zuba mata: "Mijina yana jin yunwa. Kunya yake ji. Yana zaton gidanki ne. Ki tambaye shi, ki sake tambaya. Ki yi fushi kaɗan."

Marisel ta koma da tiren. Ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Sai ta riƙe ƙugu ta ɓata rai ta tura kwanon gabansa. Zenoviy ya numfasa ya ce da harshensa, "To, don dai kada ranki ya ɓaci." Ya ɗauki cokali ya fara ci.

Can ya ɗago ya ga Orysia a tsaye. Bai gane ta ba, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Baiwar Allah, matso mu ci mana."

"Na ƙoshi," ta ce.

"Haba, ko loma ɗaya."

Tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Amma ta girgiza kai, don ta ji ya ƙara roƙonta.