Tsagen Isa ga Jirgin Goronyo

Damana tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda duk Goronyo ta sani da Kofur. Ban yi boko ba, faɗa nikai ana rubutawa, amma abin da nig gani da idona ba mai gyara mini shi.

Lokacin yaƙin Bama, Turawa sun kawo wani jirgin ƙarfe Gulbin Rima, shi ka ƙetarar da samarin da anka ɗauka soja. Cikinshi Kofur yat tafi, shi da ƙanena Isa. Kofur ya komo da ɗingishi. Isa ko takalminshi ba a kawo muna ba.

Da yaƙi yaƙ ƙare sai anka yada jirgin cikin laka. Kofur yat tara tsofaffin soja na Rabah da Wurno da Boyekai, sunka jawo shi bisa tudu da igiya, ba wanda yas sa su. Kowace Juma'a su kankare tsatsa, mu mata mu kawo man kaɗe a shafe shi. Liman ya so a rubuta sunayen waɗanda ba su komo ba. Kofur yac ce, "Allah gafarta Malam, uwayensu ba su karatu." Sai sunka zana tsagen fuskar kowa da ƙusa ga jikin jirgin. Tsohuwa ta zo, ta shafa da hannu, ta gane ɗanta. Na Isa na can wajen goshin jirgin, uku-uku gefen baki, irin na gidanmu.

Rannan Di'o, Baturen mulki, yaz zo rangadi, yag gani, yay yaba, yac ce za ya aiko da fenti. Kofur har da ɗaura lambobinshi na soja yas sara mishi. Leburori sunka iso ran kasuwa, maza ba su nan. Sunka liƙe tsagen nan kaf da kwalta, sunka bi da fenti.

"Mi kunka yi?" in ji Kofur da yak komo daga kasuwa yag gani.

Babbansu yac ce, "Baba, ɓarnar yara munka gyara maka. Ko godiya babu?"

Washegari Kofur ya koma da ƙusa, ɗan doka yat tare shi, wai yanzu kayan gwamnati ne. Bai sake bin hanyar gulbi ba har Allah yak karɓi abinshi.

Yau jirgin na nan shina walƙiya, an kewaye shi da waya. Malaman makaranta na kai yara su ce musu ga jirgin Sarkin Ingila. Ana ta maganar mulkin kai. Da Kofur na da rai, na san tambaya ɗaya za ya yi: in Turawa sun tafi, wa za ya ba shi izinin ƙusa?

Lambobinshi na cikin tukunya, ban dubansu. Tsofaffin da ka zuwa shafar jirgi sun ƙare. Gidanmu ma ni kaɗai nir rage da wanga tsage. Mai son ganin Isa ya zo ya dubi fuskata tun ba a rufe ta ba.