Jibo Bai Hau Shato Ba

Mahaifina Jibo mahaƙin rijiya ne, ɗan mahaƙin rijiya. A Dumega aka haife shi, kuma tun gemu bai fito masa ba yake shiga rijiyoyin da suka fi gaba ashirin zurfi. Daga Kore Mairuwa har Ɗan Kassari, in guga ya tsinke, ko akuya ta faɗa, ko ruwa ya soma wari, shi ake aika wa. Sai ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla, ya kuma yi wa mai rijiyar sallama, don a wajensa kowace rijiya da doguwarta, aljanar da ke zaune a cikinta, sannan ya sauka kamar mai shiga ɗakinsa. Ba ya kai ruwa baki sai ya shinshina, ko a gidan surukai ne, abin da ya sha jawo mana kunya. Amma akwai abu guda da babu wanda ya sani sai mu 'yan gida. Baba ba ya iya hawa sama. Ko rumbunmu, uwarmu ce ke hawa ta ɗebo gero, shi yana ƙasa yana gaya mata inda za ta sa ƙafa.

Na yi aure a Dogon Dutsi, da uwarmu ta rasu kuma ya dawo kusa da ni. Shekara biyu bayan samun mulkin kai aka kawo wa garin famfo. Aka haƙa rijiya aka rufe ta da siminti, aka sa inji, aka kafa wani tankin ƙarfe a kan dogayen ƙafafu huɗu, wanda kowa ke kira shato. Daga can ruwa ke gangarowa zuwa famfo uku da ke cikin gari. Da aka nemi mai tsaron wurin, duk wanda aka tambaya sai ya ce Jibo, wa ya kai shi sanin ruwa?

Wani ma'aikaci da aka turo daga Yamai, Félix, shi ya ɗauke shi. Ya ba shi hular kaki da aiki uku: ya tada inji, ya buɗe famfo safe da yamma, kuma kowace Juma'a ya hau shato ya duba murfi, ya zuba kwalbar jabel, maganin da ke kashe cutar ruwa. Baba ya ce to. Bayansa ya gaji da igiya, ga hula, ga mutane na gaishe shi a kasuwa, ta yaya zai buɗe baki ya ce yana tsoron tsani?

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi ba a lokacin. Juma'ar farko ya taka mataki uku, tsoro ya kama shi, ya sauko. Ya ɗaga ɗan marfin da ke kan rijiyar ya juye jabel ɗin a ciki, yana gaya wa kansa ai magani daga tushe ake ba da shi. Haka ya yi ta yi fiye da shekara. Félix mutum ne mai yawan rangadi, in ya dawo ya tambaya ko an hau, Baba ya ce an hau, shi ke nan.

Katanga ɗaya ta raba ni da Salama. Kirista ce, mijinta Luka kafinta ne a mishan. Wata guda muka haihu, ni na sami Kubra, ita ta sami Odette, yaran kuma a tabarma ɗaya suka koyi zama. Salama mace ce mai tsantseni. A da ruwan 'yarta sai ta tace da ƙyalle ta tafasa, yadda matan mishan suka koya mata, ina yi mata dariya ina cewa za ta dafa yarinyar. Da famfo ya zo ta daina. Ta ce ruwan da Baba Jibo ke tsaro, mene ne abin tafasawa?

Farkon damina ta biyu aka yi wata iska da ta kwashe rufin ɗakuna da dama. Bayan sati uku yara suka fara zawo da amai. Gidan nan biyu, gidan can uku. Asibiti ya cika, uwaye na zaune a gindin itacen bedi da yara a cinya. Wasu suka ce doguwar da ke tsohuwar rijiyar gari ce ta yi fushi don an yi watsi da ita, aka yanka mata baƙar akuya, 'yan bori suka kwana biyu suna kiɗa. Wasu suka ce sabon ganye ne da ake ci. Famfo kam babu wanda ya zarga, ruwansa fari tas.

Odette ta yi kwana huɗu ta rasu. Shekararta uku. Ranar da aka binne ta, ina dawowa daga wajen Salama na tarar Kubra ta ɓata zanenta.

Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Idanun yarinya suka faɗa ciki. In na ja fatar cikinta sai ta tsaya a yadda na ja ta. Kuka ma ta daina, sai dai ta buɗe baki tana neman ruwa, ni kuma ina ba ta, ƙoƙo bayan ƙoƙo, daga tulun da na ciko a famfo. Duk lokacin da ta rufe ido sai in kara kunne a ƙirjinta. Ta bayan katanga ina jin masu zuwa yi wa Salama gaisuwa, ina cewa a raina jibi nan za su shigo.

Rana ta uku da azahar Baba ya shigo. Ya tsaya yana kallon jikarsa, sai ya karɓe ƙoƙon daga hannuna ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Ya watsar da ruwan, ya je ya tuntsurar da tulun gaba ɗaya. Daga baya ya gaya mini ya fi kwana goma yana jin wani ɗan wari a ruwan, yana lallashin kansa cewa warin ƙarfe ne.

"Zalihatu," in ji shi, "tun da anka ba ni aikin ga ban taɓa hawa shaton nan ba."

"Mi kac ce, Baba?"

"Ban taɓa ba. Ban san abin da ka ciki ba. Tsoro ni ka ji."

Allah ya yafe mini abin da na gaya wa mahaifina ran nan. Ban zage shi ba, amma da zagin ne da ya fi sauƙi. Na ce in ɗiyata ta mutu kada ya zo wajen jana'iza. Ya shiga ɗakinsa ya ɗauko tsohuwar igiyarsa ya fita, ni kuma na hura wuta na ɗora ruwa, na bar wa ƙanwar mijina yarinyar, na bi shi.

Na iske shi a kan tsani, ya kai kamar rabi. Ba hawa yake ba, rarrafe yake. Kowane mataki sai ya rungume ƙarfen ya tsaya, idonsa a rufe, bakinsa na motsi. Tsoho mai furfura, wandonsa na karkarwa kowa na gani. Mata masu jiran famfon yamma suka taru, wasu suna dariya da farko, daga baya suka yi tsit. Haushinsa nake ji har wuya, amma duk sanda ƙafarsa ta zame sai in miƙa hannu kamar zan tare shi. Ina tsoron ya faɗo, ina tsoron abin da zai gani in bai faɗo ba, ina tsoron abin da zan tarar a gida.

Da ya kai sama ya leƙa, sai muka ga ya juyar da kai yana kakarin amai. Iskar nan ce ta ɗauke murfin. Hasbiyoyi sun mai da bakin tankin wurin kwana, kashinsu ya yi kauri, waɗanda suka faɗa ciki sun ruɓe suna yawo a kan ruwa. Rariyar da ke bakin bututu ce ta hana gashinsu fitowa a famfo. Ya ɗaga murya, muryar da yake kira da ita daga gindin rijiya, ya ce kada kowa ya ƙara sha, a zubar da na tuluna, a tafasa na yara.

Saukowa kuma ta gagara. Hannuwansa sun ƙage a kan ƙarfe. Luka ne, mijin Salama, wanda ya binne 'yarsa shekaranjiya, ya hau ya ɗaura masa igiyar a ƙugu ya sauko da shi a hankali, yana ce masa sannu Baba, ka ceci gari.

Félix ya dawo washegari, ya sa aka rufe famfo aka wanke shato. Ya ce zai rubuta cewa iska ce ta jawo, kuma ba ƙarya ba ne. Kubra ta tashi bayan kwana tara. Yara huɗu ba su tashi ba. Mutane suna ta sa wa Baba albarka a hanya, kuma da ya yi shiru da har ya mutu a haka, don ni kaɗai na sani, ni kuwa ba zan faɗa ba. Sai ya je ya gaya wa Félix, ya ajiye masa hular. Ya koma yasar rijiya a ƙauyuka, shekara goma sha ɗaya, har bayansa ya ƙi. Amma kafin ya je wajen Félix, gidan Salama ya fara shiga, ya ce in raka shi.

Muka same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama, ya durƙusa a ƙasa ya faɗi komai, tun daga Juma'ar farko. Na zaci za ta yi kuka ko ta kore mu. Sai ta sauke faifan waken daga cinyarta.

"Baba," ta ce, "matakin nan na tsani, nawa na?"

"Ashirin da shidda, ɗiyata."

Ta gyaɗa kai. Ta shiga ɗebo wake ɗaya ɗaya tana jerawa a kan tabarma, mu muna kallo, har ta kai ashirin da shida. Ɗan tsibin bai cika tafin hannu ba. Ta dube shi, ta dubi Baba.

"Ba su da yawa," ta ce.